Maccido Tela da Tafintan Faransa

A goye aka kawo Maccido garin Illela na bakin iyaka, lokacin da mahaifinsa ya gudo daga wajen Ƙwanni ta ƙasar Nijar saboda aikin tilas na Faransa. A nan ya girma, ya kafa keken ɗinki a bakin kasuwa, ya koyi boko a ajin yaƙi da jahilci.

Da aka rufe iyaka a 1984, kasuwa ta mutu, ɗinki ya yi wuya. Sai amininsa Mukhtari, malamin firamare, ya ara masa wani littafin ƙagaggen labari na zamanin Turawa. Mai ba da labarin a ciki tafintan Faransa ne, yana faɗin rayuwarsa da bakinsa.

Maccido yana karanta wa 'yan rumfarsa a bayyane, har ya iso inda tafintan ya kira waɗanda suka tsere wa aikin hanya ragwaye marasa godiya. Ya maka littafin a kan keke.

"Ubana ne raggo? Mutumin da na ga tabon bulala a bayansa?"

Mukhtari ya ce, "Haba Maccido, babu wani tafinta, ƙirƙirarsa aka yi. Da gangan marubucin ya bar shi ya tona wa kansa asiri."

"To mi ya hana shi ba ubana baki? Shafi bayan shafi azzalumi ke magana, mu ko tari ba mu yi ba!"

Suka yi ta sa-in-sa har Maccido ya jefa wa Mukhtari yadin sallar da ya kawo ɗinki, ya ce ya kai wa wani telan.

Yayar Maccido, Hadijatu, wadda ta yi gudun nan da ƙafarta, ta sa aka karanta mata littafin har ƙarshe. Ta ce masa, "Wallahi haka tafintan garinmu ke magana, har da dariyar. Ni daɗi na ji, an kama muryarsa an ajiye."

"Yaya, ya ƙarshensa?"

"Lafiya lau ya tsufa, cikin jikoki."

Ranar Maccido bai ci tuwo ba. Shi da Mukhtari sun shirya bayan sallah, amma littafin bai sake shiga rumfar ba. Har ya rasu a ƙarshen shekarun tamanin, in an ambaci tafintan nan sai ya tsayar da keke ya yi tsaki, ya ce Allah ya isa.