Abin da Yaya ba ta gaya wa lokotoro ba

Shekarar da aka cire wa yayata nonon hagu saboda ciwon daji, ni ce bakinta a gidan likita. Lokotoron da ke duba ta mutumin yammacin ƙasar nan ne, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da "ina ke ciwo?" ba. Ita kuwa Yaya ba ta taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. Ni ce aka sa, har na zama malama a nan cikin Damagaram. Don haka duk ranar randabu, ranar da aka sa mata ta ganin lokotoro, sai ta taso daga ƙauyensu da ke gefen Gaffati, ta sauka gidana a Kara-Kara, da safe mu hau kabu-kabu mu tafi. Shi ya yi faransanci in mayar mata da Hausa, ita ta yi Hausa in mayar masa.

Ɗakin da yake ganin mutane ƙarami ne, kuma kullum ƙofarsa a buɗe. A bayansa akwai samari masu koyon aiki cikin fararen riguna, a waje kuma mata jere kan benci, kowace kunnenta na ciki. Zai duba tabon aikin, ya latsa hammata, ya tambayi abinci da barci. Daga ƙarshe ya ce, "Akwai wata damuwa?" Yaya ta gyara mayafi ta ce, "Alhamdu lillahi." In fassara. Mu fito.

Bayan an gama ƙarin ruwan nan da ya zubar mata da gashi, sai aka ɗora ta kan wata 'yar farar ƙwaya. Aka ce kullum za ta sha, shekara da shekaru, don kada ciwon ya dawo. Gashi ya tsiro, ta ɗan yi kumari, muka ce an tsallake.

Da kaka ta yi, wata Alhamis mijinta ya zo kasuwa da gyaɗa, ya biyo ta gidana. Tsakanina da shi wasa ne tun ina yarinya. Ba ya shigowa sai ya ce tuwona ya yi gishiri tun bai ɗanɗana ba. Ranar nan ya yi sallama, ya zauna a bakin tabarma, ya ƙi shan ruwan da na kawo. Ya daɗe yana murza hularsa.

"Malama," ya ce. Bai taɓa kirana haka ba sai da tsokana, yau kuwa babu dariya a ciki. "Yayarki ta bar shan ƙwayar nan."

"Tun yaushe?"

"Ban sani ba. Tun kafin noman farko, ina ji. Na gan ta tana zubawa a masai."

Na ce, "Ka tambaye ta dalili?"

Ya kalli ƙasa. Ya ce ai yanzu ba su cika zama su yi magana ba. Ya ce tun da ta dawo daga aikin ya mayar da shimfiɗarsa zaure. Wani tsoho a masallacinsu ya ja shi gefe ya gaya masa cewa irin wannan ciwo kwance yake, kusantar namiji ke tashinsa. Wani kuma ya ce ana ɗauka. "Ni ba tsoron ɗauka nake ba, Allah ya sani," in ji shi. "Tsorona kada in zama ni na kashe ta." Daga nan ya miƙe, kamar wanda ya faɗi abin da ya fi ƙarfin bakinsa, ya sa takalmi ya tafi.

Ranar hutu na shiga mota na tafi ƙauyen. Na tarar da ita a gindin iccen bedi tana ɓarar gyaɗa. Da ta tashi tarbata sai na ga ta dafa ƙugu, ta tsaya kaɗan kafin ta miƙe sosai. Ta ce aikin kaka ne. A ɗakinta wani wari ya tare ni, na turaren tsuguno haɗe da wani abu mai ɗaci. Ƙarƙashin gado ga kwano da jiƙon bagaruwa, ga wasu ƙulle-ƙulle a leda irin waɗanda mata ke sayarwa a ɓoye ranar kasuwa.

Na zauna na taya ta ɓara. Na kewaya, na kewaya, har dai na ce, "Yaya, ƙwayar fa?"

Hannunta bai tsaya ba. Ta ce, "Shi ya gaya miki."

"Me ya sa, Yaya?"

"Ke, ni na goya ki. Akwai maganar da ba ta tsakanina da ke."

Kaji suna ta tsintar ɓawo a ƙafafunmu. Can, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Ƙwayar nan ta busar da ni. Sau ɗaya ya zo gare ni bayan aikin, na ji kamar ana yanka ni, har jini. Na cije ban yi kuka ba, amma ya gane. Tun ranar bai sake ba. Nono ɗaya ya tafi, ƙasa kuma ta bushe. Me ya rage da zai zo nema? Na ce bari in bar ƙwayar, ko jikina ya dawo."

"Ya dawo?"

"Bai dawo ba. Shi ma bai dawo ba."

Na gaya mata abin da mijinta ya faɗa mini, na tsoho da na tsoro. Ta ajiye gyaɗar ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Ta ce, "Haka ya ce?" Sai ta ja bakin zane ta rufe fuska. Da ta sauke, ta sake kai hannu bayanta, daidai inda ta dafa ɗazu, tana murzawa ba ta ma san tana yi ba.

Na ce dole a gaya wa lokotoro. Ta ce ko kusa. Namiji ne, ba muharraminta ba, ga yara tsaye a bayansa, ga ƙofa a buɗe, kuma duk kalmar da za ta faɗa sai ta bi ta bakin ƙanwarta. "Ki ce masa na manta da sha ne." Na ce in an ce haka zai ce ki ci gaba, ke kuma za ki koma ki zuba a masai. Ba ta musa ba.

Da na dawo gari na rasa wanda zan tambaya. Sai na tuna da maƙwabciyata, tsohuwar sajfam da ta karɓi haihuwar rabin unguwarmu kafin ta yi ritaya. Na same ta tana tsinke zogale. Ban faɗi ko wace ce ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta ce, "'Yata, su ba sa tambaya don suna jin nauyi, mu ba ma faɗa don muna jin kunya, kowa na jiran ɗan'uwansa. Kada ki ce ta faɗi duka. Ta riƙe magana guda kawai: ina da maganar ɗaki. Ke kuma aikinki ki sa a rufe ƙofa, a fitar da samarin, a kira mace mai jin Hausa, sa'an nan ki fita."

Ranar randabu Yaya ta zo. A hanya daga tasha ta ce wa mai kabu-kabu ya bi a hankali, ramuka suna taɓa mata baya. Muna kan benci ina jin tana maimaita maganar a ƙasa-ƙasa kamar mai tasbihi. Da aka kira mu, lokotoro ya yi dubansa na kullum, ya zo kan tambayarsa ta ƙarshe. Na ga leɓenta ya fara haɗa "Alhamdu", sai na taɓa gwiwarta. Ta haɗiye. Ta ce, "Ina da maganar ɗaki."

Na mayar masa, na ƙara da roƙon da sajfam ta koya mini. Ya ɗaga kai daga rubutunsa, ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. Ya sallami samarin. Ya aika aka kira wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa mai zanen Barebari a fuska. Na fita, na ja ƙofar da hannuna.

Matan da ke benci suka yi ta kallon ƙofar. Wata ta ce, "Lafiya aka rufe?" Na ce lafiya. Rana ta matso har kan ƙafafuna ba a buɗe ba.

Abin da aka faɗa a ciki daga baya na ji shi, guntu-guntu, daga bakin Yaya. An gaya mata ba a ɗaukar ciwon, kuma kusantar miji ba ya tashinsa. An ce bushewar daga magani ne, mata da yawa suna fama da ita, kuma akwai man da ake saya a farmasi don haka. An hana ta cusa komai, an ce bagaruwar ma ƙara mata ciwo take. Dattijuwar ta ce ta zo da mijin su ji tare. Yaya ta ce har ta yi dariya sau ɗaya.

Amma da aka buɗe ƙofa aka ce in shigo, ba dariya na tarar ba. Yaya na kwance rub da ciki kan gadon dubawa, lokotoro yana bin ƙashin bayanta da yatsa, ashe ya lura da yadda take dafa wurin. Ya danna wani wuri, ta yi ƙara, irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba ko a naƙuda. Ya tambaye ni tun yaushe take dafa wurin. Na ce tun kaka na gani. Ya tambayi tun yaushe ta bar ƙwayar. Na faɗa. Bai yi faɗa ba, na ma fi so da ya yi. Ya wanke hannu ya daɗe yana gogewa, sa'an nan ya ce akwai hoton da za a ɗauka, kuma ba a nan ba, sai Yamai.

Na ce masa da faransanci, don kada ta ji, "Barin ƙwayar ne ya jawo?"

Ya ce ba wanda zai iya rantsewa. Ciwon yana iya dawowa ko ana sha. Ya ce mu jira hoto.

Mijinta ne ya raka ta. Kafin su tafi sun shiga wurin dattijuwar nan tare, na ga ya fito yana share gumi, bai yarda mun haɗa ido ba. A tasha ya cire rawaninsa ya naɗe ya sa mata a baya kan kujera.

Hoton ya nuna ciwon ya shiga ƙashi. Aka canja mata magani, aka ce za a riƙe shi gwargwadon iko, ba a ce za a kore shi ba. Da suka dawo ƙauye ya kwashe shimfiɗarsa daga zaure ya mayar ɗaki, ya sassare ƙafafun gadon don ta riƙa hawa ba wahala. Ban tambaye ta abin da ke tsakaninsu ba. Ita ce dai wata rana ta ce in na zo in taho mata da man nan na farmasi, ta faɗa tana kallon wani wuri.

Yanzu da sanda take tafiya. Bana ba ta fita shuka ba, daga bakin ƙofa ta zauna tana kallon hadari. Makon jiya da na je, na lura ta fara ɗaukar moɗa da hannu biyu. Na ce, "Yaya, hannun fa?" Ta ce sanyin damina ne.