Littafin da Na Hura Gawayi da Shi

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da 'yan kai, ga goyo a baya, muna haya a Rigasa. Karatuna bai wuce firamare ba, shi ma rabi da rabi. Yayata ta rasu a ƙauyenmu can Zamfara, aka ba ni riƙon 'yarta da ta fara zama budurwa. Tun ranar da na ɗauko ta a tashar Mando tsoro ɗaya ya zauna min a ƙirji: kada yarinyar nan ta lalace a hannuna, dangi su ce Kaduna na kawo ta na ɓata. Ko dariya ta cika yi sai na bi ba'asi.

Makaranta ba ta yi mata daɗi ba. Yara suna kwaikwayon maganarta, suna ce mata 'yar gudun hijira. Ana nan ta fara zuwa gida da wani littafin Turanci, wai labari ne da za a yi musu jarrabawa a kai. Ni dai abin da na gani a bangon, yarinya ce ba ɗankwali, da jaka a hannu, ta juya wa wani gida baya. Na lura in tana karantawa ba ta jin kira, wataran har da hawaye. Da na tambaya, ta ce labarin wata ce mai tasowa da aka kai garin da ba nata ba, ta rasa ita 'yar ina ce. Na ce daga ƙarshe guduwa ta yi ko? Ta ce ba ta kai nan ba tukuna. Na kai wa maƙwabciyata zancen, ta ce ai da irin littattafan nan ake koya wa yara barin gida, in na yi sake zan wayi gari in ga ɗaki wayam. Da yarinyar ta tafi Islamiyya na zaro shi daga jakarta, na yayyage, na hura gawayi da shi. Na ɗora tukunya ina jin na yi aikin uwa.

Ta dawo ta tsinci guntun bangon kusa da kurfoti. Ba ta yi kuka ba, cewa kawai ta yi, Inna, ba nawa ba ne. Ashe karɓa-karɓa suke yi da wasu ƙawaye biyu, kowa ta karanta ta rubuta abin da ta gane a gefen shafi da fensir, ta miƙa wa ta gaba. Da ƙyar suka saka ta a ciki, bayan ta ce a aji ta san abin da yarinyar labarin take ji. Su kaɗai ne masu zama da ita in an tashi tara.

Maigidana ya sayo sabo, na bi ta makaranta ba da haƙuri. Mai littafin ta karɓa, ta ce ba komai Mama, amma duk abin da suka rubuta ya tafi, ga jarrabawa ta matso. Ina tsaye na ji ɗayar tana cewa dama ta ce kada a ba 'yar ƙauye, su gidansu da littafi ake girki. Yarinyata ta ji, ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata, don gaskiya ta faɗa, kuma da hannuna na yi. Malamarsu ce ta gaya min cewa yarinyar cikin labarin ba guduwa ta yi ba, zama ta yi har garin ya karɓe ta.

Da aka yi hutu ta roƙi a kai ta ƙauye gaida kakarta, aka kai ta, ba ta dawo ba. Ta aiko cewa ta yafe min, amma a can ba mai dariyar bakinta. Makarantar garin kuwa a rufe take saboda rashin tsaro.

Na gane ba rashin karatuna ne ya cuce ta ba, rashin haƙurin sauraro ne. Don Allah, uwar da ba ta iya boko ba irina, in kin ga littafi a hannun 'yarki, ki zaunar da ita ta ba ki labarin har ƙarshe kafin ki taɓa shi. Ku kuma sa mu a addu'a ta yarda ta dawo ta ƙarasa karatunta.