Na harbo kabewar Inna Gambo

Jiya da hantsi Inna Gambo, maƙwabciyarmu ta gona, ta yi sallama rungume da kabewa, kibiyata a soke a jikin kabewar.

A wannan tsadar, rabonmu da nama tun Layya. Shi ne na sayo baka a kasuwar Ɗambatta, na ce wa yarana fakara ta shiga uku. Mai bakan ya ce in fara koyo da buhun ƙaiƙayi. Ina! Gona na nufa.

Na hango fakara a kan kunya, na ja tsarkiya na saki. Tsarkiyar ta zane min hannu, fakarar ko ɗago kai ba ta yi ba. Kibiya kuwa ta tsallake iyaka, mu kuma nan ba mu da daji, duk inda ta faɗa gonar wani ce.

"Inna, ki yi haƙuri, wallahi fakara na auna."

"Ba komai, ɗan nan. Yi maza ɗauko wuƙa ka yanka ta, kada ta yi mushe."

Miyar taushe muka sha, yara na ta kirana Sarkin Baka.

Maharba, ku faɗa min tsakani da Allah, ku ma da kabewa kuka fara?