Wayar Akawu da Buhunan Wakena

Buhu ɗari da ashirin na wake nake da su a wani sito a Kebbe a shekarar da nake magana. Farin wake ne mai manyan ƙwaya. Da kaka na tara shi, uku nan biyar can, daga Fakku da ƙauyukan da ke bayanta. Rabin jarina ke nan, in ma bai fi ba. Niyyata in riƙe shi har ruwa ya sauka, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, kowa na neman na ci da na shuka. Da irin wannan riƙon na gina gidana na Tambuwal. Ban gaji ko akuya ba.

Mai kula min da siton ɗan ƙanwar mahaifiyata ne. Akawu ake ce masa, ko da yake akawuncin bai wuce shekara biyu a wani ofis ba aka sallame shi. Ya fito da sunan, da biro uku a aljihun gaba, bai sake riƙe wani aiki ba sai da uwarsa ta zo ta roƙe ni. Mutum ne da ba ya iya tambayar kuɗin goro sai ya yayyafa Turanci a kai. Ni ban yi boko ba. Ina karanta ajami, ina gane lamba, lissafina kuwa a kaina yake. Wannan ya ba shi damar kallona kamar wani abin tausayi. In saƙon banki ya shigo wayata, sai ya karɓa ya nisanta ta da fuskarsa, ya yi gyaran murya, sannan ya fassara min a hankali kamar mai yi wa kurma bayani.

A shekarar gwiwata ta dama ta kumbura, hawa babur zuwa Kebbe ya zama azaba. Na yi wata biyu ban leƙa siton ba. Ana nan sai ga Akawu ya iso da hantsi, fuska a yamutse, ya zauna a zaurena ya miƙo min wayarsa.

"Yaya, ka ga abin da nika gudu. Ƙwari sun shiga."

Hoto ne na wake a tafin hannu, duk ya huje, rabinsa ya zama gari. Ya ce haka kusan duk buhunan suke, in aka ƙara sati biyu ko jaki ba zai ci ba. Amma Allah ya taimaka, ya samo wani Alhaji daga wajen Jega da zai kwashe a rabin kuɗi. Na ce a ba shi ashirin tukuna. Aka ba shi. Sauran ɗarin aka sa ranar Asabar mota za ta zo.

A nan laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Shekara talatin ina yawo da ɗan ƙarfen nan mai rami da muke soka wa buhu a ciki da gindi, don duk ɗan kasuwa ya san bakin buhu ba ya faɗin gaskiya. Ni da ban taɓa yarda da idona a bakin buhu ba, sai ga ni na yarda da hoto, don ciwon ƙafa da kuma don mai nuna min ɗan'uwana ne.

Ranar Alhamis wayata ta faɗa cikin bokitin ruwa ta mutu. Akawu ya zo karɓar izinin lodi, na gan shi da sabuwar waya mai faɗi kamar faranti. Ya kamata in tambayi kaina inda mai albashin da nake ba shi ya samo ta. Ban tambaya ba. Na ce ya sayar min da tsohuwar wayar tasa, ya yi tsalle ya yarda.

"Bari in share maka ita tas," in ji shi. "Wanga aiki sai wanda ya zauna aji."

Ya matso kusa da ni don in ga gwaninta. Ya dangwala hotunan ɗaya bayan ɗaya har suka yi shuɗi, wasu kalmomin Turanci suka fito a jere, ya danna ɗaya da ɗan yatsansa yana murguɗa baki. Hotuna suka ɓace. Ya juyo min da fuskar wayar.

"Ka gani? Fes. Kamar yau anka ƙera ta."

Uwargidana malamar firamare ce, shekara ashirin tana koyarwa, ban taɓa jin ta yi wa mai kayan miya Turanci ba. Bayan la'asar na ba ta wayar ta sa min layi ta shigar da lambobin abokan cinikina. Tana zaune kan tabarma tana dannawa, ina shafa wa gwiwata man zafi, sai ta ce, "Alhaji, ka ce ya goge komai?"

"A gabana ya yi."

"Wace kalma ya danna, ta sama ko ta ƙasa?"

Na ce ta ƙasa, don na riƙe wurin. Ta yi 'yar dariya ta hanci, ta matso ta nuna min su biyun.

"Wannan ta sama ita ce dilit. In ka danna ta, kamar ka wanke allo ne, tawada ta bi ruwa, ko malamin da ya rubuta ba ya dawo da ita. Wannan ta ƙasa hayid ce. Ita kuwa juya allon kawai ka yi ya kalli bango. Mai shigowa ɗaki ba zai ga rubutu ba, amma ko wasali ɗaya bai ragu ba. Duk wanda ya juyo shi zai karanta."

"To juyo min," na ce.

Ta shiga wani lungu na wayar, sai ga kaya sun zubo gaba ɗaya. Akawu da baƙin tabarau a jikin motar wani. Akawu yana cin tsire. Na ce ta wuce. Sai ga hoton waken da ya huje, amma wannan karon da buhun a bayansa, kuma shaidar da ke jikin buhun jan da'ira ce. Tawa layi biyu ce da shuɗin fenti. Waken wani ya ɗauka a kasuwa. Bayansa kuma bidiyo: cikin sitona, buhunana da shaidata, hannun Akawu yana ɗibar wake yana zubarwa, fari tas yana ƙara kamar tsakuwa. Ga muryarsa raɗau: "Alhaji, ka ga kaya, ko ƙwaro ɗaya babu. Mai su bai iya tahiya, kuma bai san komi ba sai abin da na gaya mishi. Kai dai ka tuna da kasona."

Na sa ta maimaita sau uku. Cin amanar bai ba ni mamaki sosai ba, na ga irinta a kasuwa. Abin da ya tsaya min shi ne wanda ya yi ta. Mutumin da ya shekara biyar yana kaɗa min Turanci a fuska, ashe kalma biyu da ke kwance a wayarsa kullum bai san bambancinsu ba. Ya ga abu ya bar gaban idonsa, shi ke nan a wurinsa babu shi. Da na yi tunani, haka yake komai. In ya share sito, bayan ƙofa yake tura sharar. In rigarsa ta yi maiƙo, babbar riga yake ɗorawa a kai.

Ranar Asabar da sassafe na ɗaure gwiwa da rawani na hau bayan babur, ƙarfena a aljihu. Kowane rami a hanyar sai da na ji shi har cikin haƙorana. Na tarar da mota a ƙofar sito, 'yan dako sun tuɓe riguna, Alhajin Jega yana tsaye, Akawu na riƙe da littafi da biro yana ba da umarni. Da ya gan ni biron ya faɗi.

"Yaya! Mi ya fito da kai da wagga ƙafa?"

Na shiga na soki buhu na farko a gindi, na zuba a hannu. Na soki na tsakiya, na sa aka ɗaga na can ƙasa na soka. Buhu goma sha biyu na soka, na fito da waken na shimfiɗa a kan hular Akawu da na cire daga kansa.

"Malam Akawu, kai da ka yi aji, nuna min ƙwaron. Idona ya tsufa."

Ya fara kame-kame, wai na ciki-ciki ne suka lalace, wai magani ya sa. Na ciro wayar na kunna bidiyon, na ƙure murya. 'Yan dako suka matso. Da aka zo wurin maganar kason nasa, sai Akawu ya daka tsalle ya ce, "Wallahi na goge wannan! A gabanka na goge shi!"

Ban taɓa ganin mutum ya yi wa kansa shaida da sauri haka ba. Wani dattijo cikin 'yan dakon ya riƙe ciki yana dariya, ya ce, "Akawu, Turancin ne yac cuce ka ko kai kac cuce shi?" Alhajin Jega kam ban riƙe shi da zafi ba, ɗan kasuwa ne ya ga arha. Na ce masa in yana son wake ga shi a kuɗin kasuwa, in ba ya so hanya a buɗe take. Ya shiga motarsa wayam ya tafi. Na karɓi makullin sito daga hannun Akawu, na miƙa masa hularsa da waken a ciki.

Kwana uku bayan haka uwarsa ta zo Tambuwal. Tsohuwa ce, ita ta goya ni lokacin da mahaifiyata ke jinya. Ta ce, "Ɗana, don zumunci ka rufa masa asiri, kar ka kai shi gaba." Na ce, "Inna, na rufa. Ba alkali, ba ɗan sanda." Ta ce to in cire abin daga wayar. Na ce wannan kam a'a. Yana nan a lungun da mai shi ya ajiye shi da hannunsa, ban matsar da shi ba, ban kuma nuna wa kowa ba tun ranar. Akawu ya san yana nan. In mun haɗu a wurin suna ko jana'iza, da Hausa zalla yake gaishe ni.

Buhu ɗarin na sayar da su bayan ruwa ya zauna, a kuɗin da na yi niyya tun farko. Ashirin ɗin farko sun tafi a rabin kuɗi, wato buhu goma na yi asara. Gwiwata ta ƙara wata guda kafin ta sauka saboda tafiyar nan, Inna kuma ta shekara ba ta ci abincin gidana ba. Wayar har yau ita nake riƙe da ita, kuma ban sake sayar da buhu ko ɗaya ba sai na soke shi da hannuna.