An Yi Mata Sikanin

Shagona na fotokwafi a Ƙaraye bai fi akurki ba. In mutum biyu suka shigo, sai ni in fita waje mu gaisa. Amma a allon ƙofa na sa an rubuta SIKANIN da manyan baƙaƙe, ka rantse ma'aikatar gwamnati ce. Kalmar nan ta ciyar da ni, don a 'yan shekarun nan ba inda ba ta kutsa kai ba. A wurina, sikanin shi ne in kifa takardarka a kan gilashi, haske ya bi ta kanta, ta faɗa kwamfuta. A wurin masu rajista, ka danna babban yatsa a kan ɗan akwati, injin ya ƙi ka saboda ƙotar fartanya ta cinye zanen. Mai gadin banki ya shafa maka sanda daga hammata zuwa ƙauri, sikanin. Mai gyaran talabijin na laluben tasha, sikanin. Malaminmu na Turanci ma ya taɓa ce mana akwai na ido: ka wurga kallo a shafi, ka tsinci kalmar da kake nema, ka bar sauran. Shi kaɗai na riƙe a duk darasinsa, don shi ne karatun malalata.

Na mata kuwa shi ne hoton ciki.

Ina da taubashiya, 'yar kawuna, tana aure a Ruwan Bago ta ƙasar Rogo. Ta girme ni da shekara uku, 'ya'yanta biyar, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Tunda ni ɗan mace ne, ba ta taɓa kirana da komai ba sai bawa. Ni kuma uwar ɗakina nake ce mata, in ƙara da cewa ƙulinta ya fi dacewa da ginin masallaci.

Ana dab da cirar gyaɗa cikinta ya fara tasowa, ga ciwo a gefe guda, kuma ta ce ba juna biyu ba ne. Mijinta, mutumin da in ya yi magana uku a yini to ranar an sha hira, ya goyo ta a babur zuwa wani ɗan wurin hoto. A hanyar komawa suka biyo ta shagona.

Fuskarta washe. Wai an shafa mata wani mai mai sanyi kamar yauƙin kuɓewa, aka goga mata wani abu kamar dutsen guga, tun a kan gadon ta ji ciwon ya faɗa. Kada wani ya yi mata dariya. A wajenmu allura magani ce, ƙarin ruwa magani ne. To injin da ya fi su tsada, ya leƙa har hanjinka, ta yaya za a ce kallo kawai ya yi? Mai injin ya ce mata ta kai wa likita takardar, amma ta ɗauka irin maganar sallama ce, kamar a sauka lafiya.

Abin da ya kawo ta wurina leda ce. Mu duk takarda mai daraja sai an sa mata leda an gasa: ta gona, ta haihuwa, ta makaranta. Daga nan sai ƙasan akwati, ba mai sake ganinta sai ranar rabon gado. Don in nuna mata ni ma ina da injin, na fara kifa takardar a kan gilashina ta shiga kwamfuta. Sannan na wurga mata ido. Kalma ɗaya nake nema, ta Turancin juna biyu, don in samu abin tsiya. Ban gan ta ba. Rubutun kamar kaji sun yi tono. Akwai wani layi a can ƙasa da aka ja wa zane biyu, na gan shi sarai, na wuce.

"Bawa, me suka rubuta?"

"Uwar ɗakina, ba ɗa ba jika. Tuwo ne ya yi miki yawa. Kin cinye wa bawan Allah rumbu."

Ta kawo mini duka da gefen mayafi. Mijin ya yi ɗan murmushi ya ce alhamdulillahi. Na gasa ledar, ta fito sumul, na ce na yafe kuɗin, ta ce dama bawa ba ya karɓar lada.

Aka cire gyaɗa, aka ɓare, ta hau suya. Duk wanda ya tambayi jikinta sai a ce ai an yi mata sikanin, kamar yadda ake cewa an yi wa mutum aiki. Ni ma haka na gaya wa mahaifiyata. Cikin na ƙaruwa, hannuwa na komawa kara. Aka shiga jiƙe-jiƙe, tunda ai na asibiti an riga an yi. Sai ranar da ta kasa tsayuwa a bakin kaskon suya aka nemi mota zuwa babban asibiti a Kano. Aka tafi da ni, ni ne mai Turanci.

Likitan ya tambaya ko an taɓa yi mata hoto. Takardar na can ƙasan akwati. Nan na gyara tsayuwa, na zaro waya, don tuni na turo kwafin daga kwamfuta. Ya buɗa hoton da yatsa biyu, kai tsaye ya gangara layin nan mai zane biyu. Ya ce an rubuta an ga ƙari, a gaggauta kai ta babban asibiti. Ya dubi ranar da aka yi hoton, sannan ya ɗago.

"Wa ya karanta muku wannan?"

Mijin ya nuna ni, kuma wallahi da alfahari ya nuna. "Ɗan'uwanta ne. Shi ma aikin da yake yi ke nan."

Daga kan gado ta ce, "Likita, rabu da shi. Bawa ne, ba ya karatu sai da bulala."

A waje likitan ya gaya mana abin ya bazu, wuƙa ba za ta yi amfani ba yanzu. Na tambaye shi, da an zo lokacin gyaɗa fa? Ya ce Allah ne masani, amma da an samu abin gwadawa.

Muka dawo da ita gida da ƙwayoyin rage zafi. Zuwana na ƙarshe na same ta a jingine da bango, ƙaramar 'yarta na yi mata fifita. Ta dube ni, ta dubi cikin.

"Har yanzu tuwo ne, bawa?"

Ni da ko a zaman makoki sai an tsawatar mini don barkwanci, sai ga ni na ɓata fuska. Ta ce in daina ɓata mata rai da wannan fuskar, ita tun a mota ta yafe, kuma in tashi in ɗebo mata ruwa tunda aikina ne. Na ɗebo. Ta kurɓa sau ɗaya.

Ba ta cika mako biyu ba.

Ranar sadakar uku mijin ya jawo ni gefe ya miƙo mini takardar, wai an gani a akwatinta, ko za ta yi mini amfani a shago. Takardar fes, ba lanƙwasa, ba tabon mai. Leda ta yi kyau.

Har yanzu mata na zuwa da irin hoton nan a sa musu leda. Nakan tambaya ko likita ya gani. In suka ce ai an yi sikanin, sai in ce injina ya lalace, su je asibiti tukuna. Wata ta taɓa tambayata ko ni likita ne. Na ce a'a. Ta ja tsaki, ta tsallaka titi zuwa shagon da ke kallon nawa, ina ji aka tayar mata da janareta.