Rubutu a Shagon Mai Gyaran Rediyo

Shekara talatin da biyu Malama ta yi tana koya wa 'yan aji uku rubutu, har gobe idan ta ga harafi ya karkace sai ranta ya ɓaci. Da ta yi ritaya ta ce ita da biro kuma sai dai sa hannu. Ba a yi shekara biyu ba likita ya gaya mata mantuwar da mijinta ke yi ba ta tsufa ba ce kawai, kuma gaba za ta ci. A ranar ta sayi littafin rubutu mai kauri. So take ta kwashe abin da ya rage a kansa kafin ya zube: iyayensa, ƙannensa da suka rasu, yadda ya fara sana'a, don jikoki su san wane ne kakansu.

Mijin mai gyaran rediyo ne, ciwon ma ya zo da taurin kai irin nasa. A falo ba ya tuna komai. Amma a zaunar da shi a tsohon shagonsa na ƙofar gida, a ajiye masa mataccen rediyo da sukudireba, da ya kwance bayan rediyon sai baki ya buɗe. Magani kuma ba ya sakin sa sai wajen sha biyun rana. Shagon nan kwano ne sama da gefe, taga ɗaya tal, ga shi zafi ya kankama, irin wanda ko ƙadangare ba ya son fitowa.

Ta kunna fanka, ya daka mata tsawa: "Kashe! Za ki watsa min kaya." Dokar shekara arba'in ce, wannan dokar kam bai manta da ita ba. 'Yarsu ta ce, "Umma, ki ɗauki muryar Baba a waya mana, ki huta." Ta gwada. Ya ɗauki wayar, ya juya ta, ya shiga neman inda zai kwance.

Haka ta koma ga biro. Gumi na ɗiga daga haɓarta, takarda na manne wa hannu, tawada na tsiyaya saboda zafi. Ta ninke hankici ta sa ƙarƙashin hannunta, ta ɗaura jiƙaƙƙen tawul a wuya. Rubutun da take yi yanzu, da ɗalibi ne ya kawo mata, da ya sake shi sau uku.

Wata Laraba ya ɗauko labarin ranar da ya fara ganinta, ta kawo masa rediyon mahaifinta. Yana cikin labarin kanta ya fara sarawa, idonta na ganin duhu-duhu.

"Malam, bari sai gobe, jiri nake ji," ta ce.

Da gobe ta yi ta tambaye shi, ya dube ta kawai. Mako guda tana tambaya, labarin bai dawo ba. Ita ta san abin da ta gani a ranar, amma abin da shi ya gani ya tafi ke nan. Ta yi kuka sosai, kuma tun daga lokacin ba ta sake fashi ba, komai tsananin rana.

Shekaranjiya yana cikin aiki ya ɗago kai ya ƙura mata ido.

"Baiwar Allah, ke ce mai rediyon nan?"

Bai taɓa kasa gane ta ba sai ranar. Ta ce, "Ni ce."

Ya yage murfin kwali ya hau yi mata fifita. "Zafin nan zai kayar da ke. Yi rubutunki. Matata ma malama ce, haka take, ba ta san hutu ba."

Malama ta goge hannu a zane, ta buɗe sabon shafi. "Wace irin mace ce, Malam?"

Ya yi 'yar dariya. "Masifaffiya ce. Amma in ba ta gida, abinci ba ya shiga min."

Ta rubuta yadda ya faɗa, har da masifar.