Malam Garba, Kafintan da Ke Sallamar Baƙo da Ƙyaure

Wani dare bayan sallar isha'i, aka ji ana ƙwanƙwasa ƙofa a wani layi da ke bayan kasuwar Dutsin-Ma. Ba irin bugun baƙo ba ne. A hankali ake yi, a tsaya, a sake, kamar mai bugun yana jin kunyar a ji shi. Inno Kyauta mai ƙosai ta leƙa ta saman katangar da ta raba gidanta da na Malam Garba kafinta. Farin wata ya cika tsakar gida, ba kowa. Sai can ta gane ashe daga cikin ɗaki ake bugun.

Lawal ne, mutumin Barkiya da aka sako daga gidan yari a ranar, Malam Garba ya ba shi masauki. Yana son fita ya kama ruwa. Ƙofar ba kwaɗo, ba sakata. Amma shekarun da ya yi a tsare sun koya wa hannunsa cewa ƙofa wani ne ke buɗe ta.

Malam Garba ya fito ya tsuguna a bakin ɗakin.

"Baba, a taimaka a buɗe mini."

"Ni ba gandiroba ba ne, ɗana. Tura kawai."

"An yarda?"

"Wa za ka tambaya? Ɗakinka ne."

Bai tura ba. Da tsohon ya ga abin zai zama azaba, sai ya ɗauko guduma ya cire ƙyauren gaba ɗaya ya jingine shi a bango.

Dama tun kafin nan, ɗakunan da almajiransa na aikin kafinta suka bari a bayan gida sun zama masaukin irin su Lawal. Kullum in ya dawo sallar asuba sai ya share garin katako, ya sha koko, ya wasa zarto. Ranar da ya ji za a saki mutane kuwa, sai ya je ya zauna a inuwa daura da ƙofar gidan yari. Ba ya kula wanda 'yan'uwa suka rungume. Wanda ya fito ya dubi gabas ya dubi yamma, shi yake yafitowa. Ya san irin wannan mutum, tasha ce makwancinsa, daga tasha kuma sai komawa inda ya fito.

Daga daren nan ya sauya tsari. Duk wanda ya zo, ɗaki marar ƙyaure ake ba shi, da asabari, da katako a jingine. Shi zai auna, shi zai yanka, shi zai kafa, ya sa sakata ta ciki da hannunsa. Ranar da ya samu wurin komawa, sai ya ciro ƙyaurensa ya tafi da shi.

Inno Kyauta ta sha yi masa tsiya. "Malam, ka tara mana ɓarayi, ka kuma koya musu cire ƙofa?"

"Inno, ƙosanki ya taɓa ɓata?"

"Wa zai saci ƙosai? Ai sun fi ka ciniki."

Ƙyauren da suke yi abin kallo ne. Wani ya karkace kamar mai gyangyaɗi. Wani an huda masa 'yar taga, don mai shi ya ce ba ya iya barci sai yana ganin tauraro. Masu bin hanyar Kurfi da sassafe sukan hango mutum cikin raɓa da ƙyaure a kai, yana tafe kamar gida ne ya tashi neman fili. Akwai ɗaya yanzu a Tamawa, akwai a Makera.

Kai ne, Malam Garba, ka ƙi tambayar kowa abin da ya kai shi. Kai ne ka zauna a ƙasa kana jiran ƙato ya koyi tura ƙofa, kamar uwa mai jiran ɗanta ya taka.

Lawal ya fi kowa daɗewa. Waɗanda suka zo bayansa duk suka tafi suka bar shi yana goge katakonsa. Ranar da ya yi shiri, ya ɗora ƙyauren a mota zuwa Kurfi, daga nan ya ɗauka a kai har Barkiya. Yayansa ya tare shi a waje. Ya ce gidan ba ɗaki, kuma yara sun girma, suna da kunne. Ko zaure bai bar shi ya shiga ba.

Da magariba sai ga Lawal a bakin layi, ƙyaure a kai, ya kasa ƙarasowa. Yana kallon hanyar tasha. Malam Garba ya taka har inda yake.

"Baba, sun ce ba wuri."

"To ai ramukan ƙusarka na nan, ban toshe ba. Zo ka mayar kafin duhu."

Ya mayar. A daren Inno Kyauta ta kasa kunne. Abin da ta ji shi ne ƙarar sakata, an zare, an mayar, ba wanda aka tambaya.

Bana idon Malam Garba ya yi rauni, ya ajiye zarto. Lawal ne yanzu ke zuwa ya zauna a inuwar nan yana duban masu fitowa.

Malam Garba, uban marasa masauki, mun gode. Allah ya buɗe maka ƙofar da ba a rufewa. Ku kuma masu ɗakin da ba kowa ciki sai tsofaffin buhuna, ga abin koyi a layinku.

Ranar da maƙwabta suka taru yi masa addu'ar ajiye aiki, an shafa fatiha ke nan Inno Kyauta ta ajiye kwanon ƙosai ta dubi mutane.

"Wai shi yayan nan na Lawal da ya kasa buɗe wa ƙaninsa ƙofa, shi kuma wa ya kulle shi ta waje?"